Mota 'Yar Ruwa-Biyu: Yadda Take Aiki da Wanda Ya Kamata Ya Saye Ta

(Jawabin da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai)

 

Abin da za mu yi magana a kansa a yau shi ne wata irin mota da Turawa ke kira haibirid. Mu kuwa a cikin wannan jawabi za mu kira ta 'yar ruwa-biyu, domin inji biyu gare ta, ɗaya na fetur, ɗaya na lantarki. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin da ko keke bai mallaka ba da zancen mota? Amsar ita ce, da yawa daga cikinmu nan da shekara uku ko huɗu za su kama aiki, kuma sanin kowa ne cewa in ban da aure da ginin gida, babu abin da ke cinye tarin ƙaramin ma'aikaci kamar motarsa ta farko. Wanda ya saya bisa rashin sani yana iya shekara biyar ana yankar albashinsa a kan abin da ke kwance a gareji.

Bugu da ƙari, tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin kowane mai mota a Nijeriya ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a Abuja da garuruwa da dama. Daga nan ne dillalan mota suka fara yi wa mutane kirarin 'yar ruwa-biyu, wai ba ta shan mai. Kanikawa kuma, da yawansu, suka ce kada wanda ya kuskura ya saye ta. Tsakanin mai son sayarwa da mai gudun abin da bai saba da shi ba, ya kamata mai saye ya sami nasa ilmin.

Taƙaitaccen tarihi

Dabarar haɗa inji biyu a mota ɗaya tsohuwa ce. Wajen shekarar 1900 wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche, lokacin yana aiki da kamfanin Lohner a ƙasar Ostiriya, ya ƙera mota wadda injin fetur ke juya dinamo, dinamon kuma yana ba injinan lantarki wutar da za su juya ƙafafu. Abin bai karɓu ba, saboda batiran wancan zamani na dalma ne masu nauyin gaske, ga shi kuma fetur yana da araha. Sai da kuɗin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a rikicin 1973, sa'an nan masu ƙera motoci suka soma waiwayen tsofaffin dabarun tsimin mai. Amma fa motar ba ta shiga kasuwa sosai ba sai a watan Disamba na 1997, da kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan. Kamfanin Honda ya biyo baya da Insight a 1999, a 2000 kuma Prius ta ƙetara zuwa Amurka da Turai. Ya zuwa 2020 Toyota kaɗai ya ba da sanarwar sayar da irin waɗannan motoci fiye da miliyan 15. Saboda haka ba a kan abin gwaji muke magana ba. An daɗe ana hawa, an kuma san halinta.

Inda mai ke zurarewa a motar da muka saba da ita

Ba za a gane amfanin 'yar ruwa-biyu ba sai an san ɓarnar da aka ƙera ta domin ta toshe. A cikin ƙarfin da ke ƙunshe a litar fetur, da ƙyar kashi ɗaya cikin uku yake zama aiki a injin mota, ko da injin yana cikin mafi kyawun halinsa. Sauran duk zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. A cikin gari kuwa asarar ta fi haka, ta hanyoyi uku.

Ta farko, idan mota ta tsaya a danja ko cikin cunkoso, inji yana ta aiki, mai yana ƙonewa, alhali kuwa ko taki ɗaya ba a ci ba. Ta biyu, injin fetur ba shi da ƙarfi sosai a lokacin tashi daga tsaye, don haka ake sa wa mota injin da ya fi abin da tafiyar yau da kullum take bukata girma, shi kuwa babban inji ci gare shi. Ta uku, kuma ita ce mutane ba su cika lura da ita ba, ita ce birki. Duk gudun da mota ta tara da mai aka saye shi. Da zarar direba ya taka birki, wannan gudu ya koma zafi a ƙafafun mota, ya bi iska. Wanda ya ratsa tsakiyar Kano da yamma, yana tashi yana tsayawa a kowane shataletale, sayen gudu yake yi yana zubarwa, sau ɗari kafin ya isa gida.

Yadda 'yar ruwa-biyu take aiki

Bari mu ɗauki tsarin Toyota, tun da shi ne ya fi yawa a kasuwa. Kayan aikin sun haɗa da injin fetur matsakaici, da injinan lantarki guda biyu, da babban batir da akan ɓoye a bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta, da inbata irin wadda muka sani a gidajen masu wutar sola, wadda ke juya wutar batir ta zama irin da injinan ke bukata. A kan duk waɗannan akwai kwamfuta da ke raba aiki. Direba totur da birki kawai yake takawa, ita ke yanke shawarar injin da zai ja.

A lokacin tashi, injin lantarki ne ke jan mota, domin halinsa shi ne ba da cikakken ƙarfinsa tun daga juyin farko. Shi ya sa za ka ga motar ta sulale shiru kamar an tura ta. Idan gudu ya ƙaru, injin fetur ya tashi da kansa ya karɓi aiki, wani kaso na ƙarfinsa ya tafi ƙafafu, wani kason ya juya ƙaramin injin lantarki don a sami wuta. Idan aka zo hawan tudu ko za a wuce babbar mota, sai injinan su haɗa ƙarfi. Idan aka tsaya, injin fetur ya mutu, ba ya sake tashi sai an bukace shi. Abin da ke haɗa su duka wasu haƙoran ƙarfe ne, ɗaya a tsakiya, ƙanana suna kewaya shi, babban zobe kuma ya kewaye su. Wannan ƙaramin abu shi ya maye gurbin akwatin giya da kuloci. Haka kuma motar ba ta da kik, ba ta da altaneta, injinan lantarkin nan su ke yin aikinsu.

Game da birki kuwa, duk wanda ya taɓa hawan keke mai fitilar dinamo ya san cewa da ya jingina dinamo a jikin taya, sai feda ta yi nauyi, fitila kuma ta kama. Nauyin nan shi ne kuɗin hasken. To, haka 'yar ruwa-biyu take yi. Idan direba ya ɗan taka birki, babban injin lantarki ya rikiɗe ya zama dinamo, ya riƙe ƙafafu, gudu ya ragu, wutar da aka samu ta koma batir. Birkin ƙarfe ba ya shiga sai an taka da ƙarfi ko an zo daf da tsayawa. Wannan ne ya sa takalmin birkinta yake daɗewa bai cinye ba, kuma direba mai natsuwa, wanda ke hango tsayawa tun daga nesa, ya fi mai fizga cin ribarta.

Shi kansa injin fetur ɗin an yi masa wani gyara bisa dabarar James Atkinson, wani injiniya ɗan Ingila na shekarun 1880. Irin wannan inji yana tatsar aiki mai yawa daga kowane ɗigon mai, illarsa kawai ita ce rashin kuzari a ƙaramin gudu, wannan giɓi kuwa lantarki ya riga ya cike shi. Toyota ya ce injin Prius ta 2015 yana mai da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin mai ya zama aiki.

A nan akwai abin da muke so masu sauraro su riƙe. Batirin wannan mota kamar randa yake, rijiyar kuwa tankin fetur ce. Duk wutar da ke cikinsa daga mai ta samo asali, ko dai ta hannun inji ko ta hannun birki. Randar ma ƙarama ce, domin a kan lantarki zalla motar ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu. Kwamfuta ba ta barin batirin ya cika fal, ba ta kuma barin sa ya ƙare, takan riƙe shi tsakanin wajen kashi 40 zuwa 80 cikin 100, domin ya yi ƙarko. Watau dai ba a jona ta da wutar gida, kuma ɗauke wuta bai shafe ta ba. Wannan babban abu ne a ƙasa irin tamu.

Sai dai a lura, ba duk motar da aka rubuta wa haibirid a baya ce take haka ba. Akwai mai ƙaramin taimako, wadda lantarkinta ba ya iya jan mota shi kaɗai, tsiminta kuma kaɗan ne. Akwai kuma wadda ake jonawa da wuta, mai babban batir, wadda wata kan yi kilomita 20, wata fiye da 60, kafin ta taɓa fetur. Wannan ta dace da mai tsayayyiyar wuta ko babbar sola a gida. Wanda ba shi da su, ya sayi batir mai tsada ne yana ta dakonsa a banza.

Nawa take ragewa?

Hukumar kare muhalli ta Amurka takan gwada motoci ta buga sakamako. A ma'auninta, Prius ta 2010 tana yin kimanin kilomita 21 da lita ɗaya, Corolla ta wannan shekarar kuwa, mai giya da kanta, kimanin 12. Camry 'yar ruwa-biyu ta 2012 tana yin wajen kilomita 17, 'yar'uwarta ta fetur zalla mai silinda huɗu wajen 12. Abin lura shi ne yadda alkaluman suke rabuwa. Corolla ɗin nan tana yin wajen kilomita 11 a cikin gari, ta haura 14 a babbar hanya. Prius kuwa a cikin gari ta fi tsimi, kusan 22, a babbar hanya ta sauko wajen 20. Dalili a fili yake. A doguwar tafiya babu tsaye-tsaye, babu birkin da za a tatsa, injin fetur ne ke ta aiki. Ribarta tana nan, amma ta ragu.

Waɗannan alkaluma na sabuwar mota ne a kan titin Amurka. A wurinmu dole a rage wani abu saboda tsufan mota, da ramuka, da na'urar sanyaya ɗaki. A Prius tun daga samfurin 2003 na'urar sanyin da lantarki take aiki, don haka ko inji ya mutu sanyi ba ya yankewa. Amma a tsakiyar bazara takan zuƙe batir da sauri, inji ya riƙa tashi a kai a kai don ya mayar.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu sai mu juyo ga abin da dillali ba zai faɗa ba. Ƙaramin ma'aikaci ba sabuwa zai saya ba, ta hannu zai saya, irin wadda muke kira 'yar Kwatano. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocin da suka dace da titinmu masu sitiyari a hagu ne, shi ya sa yawancinsu daga Amurka suke fitowa, sau da yawa bayan sun shekara goma ko fiye a can. To, garantin da Toyota ke bayarwa kan batir a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, sai daga samfurin 2020 aka ƙara shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Batira da yawa sukan wuce wannan wa'adi lafiya lau. Duk da haka, ma'anar ita ce motar da ta iso hannunmu ta riga ta cinye mafi kyawun shekarun batirinta, kuma ranar da ya mutu babu mai biya sai mai ita.

Abu na biyu shi ne zafi da ƙura. Babu abin da ke tsufar da batir kamar zafi, mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri ma'aunin zafi yakan haura 40 a watan Afrilu. Batirin Prius da iska ake sanyaya shi. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar cikin mota ta wata kafa a gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu takan toshe fankar, fasinja ko buhun kaya yakan rufe kafar, batir ya yi ta dahuwa ba wanda ya sani. Share fankar nan lokaci lokaci, da neman inuwa a ajiye mota, ƙaramin aiki ne mai tsawaita kwanan batir.

Abu na uku, kuma shi ne mafi girma, shi ne hannun da zai gyara. Batirin Prius na samfurin 2003 da na 2009 ya ƙunshi ɓangarori 28, ƙarfinsa ya ɗan haura bolt 200, alhali batirin motar da muka saba da ita bolt 12 ne. Wayoyinsa an yi musu launin ruwan lemo domin gargaɗi, don kuwa suna iya kisa. Ba aikin lalube ba ne. Sai da na'urar kwamfuta ake gane ciwonta, sai kuma wanda ya koyi karanta abin da na'urar ta nuna. Kanikawanmu na Ƙofar Ruwa da Panteka gwanaye ne a abin da suka gada, amma wannan sabon karatu ne, masu shi ba su yi yawa ba tukuna, a ƙananan garuruwa kuwa sai an tona. Ko man da ake zuba wa na'urar sanyinta na musamman ne, idan aka zuba na gama-gari yana iya lalata ta. Akwai kuma masu yi wa batir faci, su canza ɓangare ɗaya ko biyu da suka mutu. Wannan yakan tashi mota, amma sau da yawa sauran tsofaffin sukan biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Har ila yau akwai wasu ɗabi'unmu da ba ta jurewa. Ba ta son a daɗe ba a hau ta ba, saboda haka wanda za a tura kwas na wata shida ya nemi mai motsa ta. Ba a ɗaura mata igiya a ja ta nesa ƙafafun gaba suna ƙasa. Idan mai ya ƙare, kada a ce za a lallaɓa da batir zuwa gidan mai, domin in ya zube ƙasa ƙwarai, da shi ake tashin inji, sai an nemo caja ta musamman. Ita Prius kuma gajeriya ce, ba ta dace da hanyar ƙauye mai kwazazzabai ko unguwar da ruwa ke kwanciya da damina ba.

Lissafin da kowa zai yi wa kansa

To, shin ta cancanci saye? Bari mu buga misali da alkaluma masu sauƙi. Mu ce motar fetur tana yin kilomita 12 da lita, 'yar ruwa-biyu tana yin 20. Ma'aikacin da ke tafiyar kilomita 40 a rana, kwana 300 a shekara, ya yi kilomita 12,000. A motar fetur zai sha lita 1,000, a ɗayar lita 600. Ya tsira da lita 400, wadda in an yi mata kuɗi naira 1,000 kowace lita, ta kama naira 400,000 a shekara. Ɗan tasi mai kilomita 150 a rana zai tsira da lita 1,500. Wanda kuwa gidansa ke kusa da ofis, ba ya wuce kilomita 10 a rana, lita 100 ce kawai ribarsa a shekara.

Tun da farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, shawararmu ita ce a yi lissafin da lita. Mai saye ya tambayi bambancin kuɗi tsakanin 'yar ruwa-biyu da takwararta ta fetur, ya tambayi kuɗin batir mai kyau tare da ladan sa shi, ya haɗa su, ya ga lita nawa wannan kuɗi zai saya a ranar. In jimlar ta kama lita 1,200, ma'aikaci na farko zai mai da kuɗinsa a shekara 3, ɗan tasi kafin shekara ta zagayo, na ukun kuwa sai ya shekara 12, motar ma ta tsufa ba ta biya shi ba.

Saboda haka hukuncinmu shi ne, 'yar ruwa-biyu ta cancanci saye ga mai yawan zirga-zirga a cikin babban gari, wanda ya san takamaiman gwanin da zai duba masa ita, wanda kuma zai iya ware wani abu daga rarar man da yake samu, ya ajiye domin ranar batir. Ga mai gajeriyar tafiya, ko wanda aka tura aiki nesa da masu gyara, ko wanda kuɗinsa gaba ɗaya zai ƙare a wurin saye, ƙaramar motar fetur mai lafiya ta fi masa kwanciyar hankali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya yanke shawarar saye, kada ya biya sai an jona na'ura an duba ƙarfin ɓangarorin batir, an ga ba su yi nisa da juna ba. Ya bincika tarihin motar da lambar jikinta, domin daga cikin motocin da ake gwanjonsu a Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye, ruwa da babban batir kuwa ba sa ga maciji. Ya hau ta na rabin sa'a cikin gari yana kallon allon gaba. Idan ma'aunin batir yana cika nan da nan yana zubewa nan da nan, alamar gajiya ce. In da hali, ya fifita samfurin da ke da 'yar'uwa ta fetur a kan titi, kamar Camry, don yawancin kayan jiki da na ƙasa ba za su yi wuyar samu ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe, Malam Shugaba, muna da kira ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya da na kwalejojin fasaha. Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa babban cikas ɗin wannan mota a wurinmu ƙarancin masana ne. Motocin suna shigowa, kuma za su ci gaba da shigowa, domin abin da ƙasashen da muke sayen ta hannu a wurinsu suke hawa yau, shi za mu tarar a kasuwarmu nan da shekara goma. Ɗalibin da ya san lantarki, ya ƙasƙantar da kai ya je gareji ya zauna da kanikawa, ya koya musu nasa, ya koyi nasu, ba zai yi yawon neman aiki da takarda a hannu ba. Muna kuma roƙon wannan ƙungiya ta duba yiwuwar gayyato masu wannan sana'a su zo da mota guda, a buɗe ta a gaban ɗalibai, domin gani ya kori ji.